Buhu Goma a Katin Saude

Shekarar da ƙungiyar manoma ta fito da katin taki, wato tamanin da tara, Saude ta Yola gona ɗaya gare ta tak. Yolar Karaye ake nufi, ba wadda ake kwana a mota kafin a isa ba. Gonar tana bakin rafi, mijinta ne ya rasu ya bar mata ita da 'ya'ya mata uku. Rabi gyaɗa take sa wa, rabi dawa, kuma abin da ya fito shi suke ci har wata daminar ta zagayo. Ba ta da saniya, ba ta da ɗa a birni mai aiko da saƙo. Gonar nan ce kawai.

Katin kuwa ga yadda yake. Kore ne, mai kauri kamar kwalin sukari, faɗinsa bai kai tafin hannu ba. Mai shi zai je sito ya nuna, a ba shi taki ba tare da ya ajiye ko kwabo ba, sai kaka ta yi ya biya. Amma kafin a ba mutum katin, sai ya kai takardar gonarsa ofishin ƙungiya jingina. Wanda ya biya a mayar masa da abarsa. Wanda ya kasa, ƙungiya ta sayar da gonar. Sito biyu ne, ɗaya a Karaye, ɗaya a Rogo Sabon Gari, mai kati ya je duk wanda ya ga dama. Kowane sito da littafinsa, kuma ba a haɗa littattafan nan biyu sai bayan an yi girbi.

Alhaji Ɗanmaliki, shugaban ƙungiyar, shi ya kawo tsarin. Wani kwas na kwana huɗu ya je a Kano, ya dawo da jaka mai zif da wannan dabara, tun daga ranar kuwa ko gaisuwar mutuwa ya je sai ya sako zancen kati. Yakan ɗaga shi sama ya ce, "Makulli uku ne a jikinsa. Ga hoto, ga dangwale, ga hatimi. Duk ƙasar nan ba a haifi ɓarawon da zai wuce su ba."

To, ranar ɗaukar hoton ma abin kallo ce. Mai hoto ya zo daga Kano ran kasuwar Karaye, ya rataya baƙin ƙyalle a bangon ofis, maza suka gama aka kira mata. Mata wajen arba'in, masu gonar gado, yawancinsu ba a taɓa ɗaukarsu hoto ba. Kunya ta kama kowa. Wata Lami, maƙwabciyar Saude, ita ce ta zo da sabon mayafi mai ratsin zari, sai ta fari ta ce ta ara mata, ta biyu ma ta ce haka, har mayafin nan ya zagaye layin kaf. Kowacce ta ja shi har gira, ta rufe haɓa, ta dubi ƙasa. Mai hoto yana ta cewa a ɗago, ba wadda ta ɗago. Da hotunan suka fito, sai ka ce mace ɗaya ce aka ɗauka sau arba'in. Jibo sakataren ƙungiya ya yi ta juya su, daga ƙarshe ya ce kowacce ta zaɓi wanda ranta ya ba ta ita ce. Saude ta zaɓi ɗaya. Har yau Lami tana rantsuwa nata ne.

Aka rubuta sunaye da lambobin kati a babbar takarda, aka manna a bangon ofis ta waje, don kowa ya ga ba a yi son kai ba.

Saude ta je siton Karaye da ruwan fari, ta karɓi buhu biyu, kamfa ɗaya, yuriya ɗaya. Ta dawo ta sa katin a cikin kwalla, ta tura kwallar ƙarƙashin gado. Bai sake ganin rana ba.

Kaka ta yi, gyaɗa ta yi kyau. Tana tsakar gida tana sheƙe gyaɗar da za ta sayar ta biya buhunta biyu, sai ga Jibo a kan babur. Bayan an gaisa, an tambayi gajiya da yara, ya ciro takarda ya karanta mata a zaure: buhu goma sha biyu. Biyu a Karaye, goma a Rogo.

Saude ta ce, "Malam Jibo, sake dubawa. Ko wata Sauden ce?"

"Saude ta Yola, lamba ɗari da bakwai. Ke ce, Iya."

"Ni rabona da Rogo tun bikin 'yar ƙanwata, shekara huɗu ke nan. Buhu goma? A gonata? Ai da gyaɗar ta ƙone ƙurmus."

Jibo ya ce shi aike ne, ta je ta ga Alhaji.

Washegari ta ɗaure katin a bakin zane ta tafi Karaye. Ta sami Alhaji Ɗanmaliki a ofis, ta durƙusa ta gaishe shi, ta miƙa katin da hannu biyu. Ta nuna masa bayansa, inda ake rubuta abin da mutum ya karɓa: layi ɗaya ne, buhu biyu.

Alhaji ya ce, "Wannan ba hujja ba ce. Ilu mai siton Rogo ba ya rubutu a bayan kati, kullum bironsa a bushe yake. Littafi shi ne magana." Ya jawo littafin Rogo ya buɗe. Ga sunanta, ga lambarta, ga wani shuɗin tabo a gefe kamar an murƙushe ƙwaro. "Wannan yatsan waye?"

"Ranka ya daɗe, ban sani ba."

"Naki ne."

"Ta yaya aka gane?"

Alhaji ya cire tabarau ya dube ta. A gaskiya shi ma bai san yadda ake ganewa ba. A kwas ɗin an ce musu yatsan kowa daban yake, amma ba a kai ga nuna musu yadda ake bambancewa ba aka tashi cin abinci. Ya ce, "Saude, ni na san mijinki, mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa. Idan kin karɓa kin sayar don wata lalura, ki faɗa, ba abin kunya ba ne. Amma kada ki zo nan ki ce an ratsa katin nan. Hoto, dangwale, hatimi. Juma'a ta sama za mu zauna a ƙofar gidana bayan an sauko daga masallaci. Wanda bai biya ba ranar, an sayar."

Ko gyaɗarta da dawarta duka za ta sayar, har da gadon da take kwanciya, ba za su kai kuɗin buhu goma sha biyu ba. Wannan ta sani tun kafin ta fito daga ofis ɗin. Ta tsaya a gindin bangon da aka manna sunaye. Ba ta iya karatun boko ba, amma ta ga takardar tana nan tun damina, rana ta ci ta, ruwa ya ci ta, lambobin dai raɗau, duk mai wucewa yana iya kwafa. A gefen kasuwa kuma ga wani mai sassaƙa hatimi da tsohon silifa, yana yi wa malaman makaranta da 'yan ƙungiyar ƙwallo. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta nemi ƙaramar bas ta Rogo.

Malam Ilu, mai kula da siton Rogo Sabon Gari, mutum ne ɗan siriri mai yawan carbi, wanda duk garin aka shaide shi da kamun kai. Tunda ya balaga, in ji mutane, bai taɓa kallon fuskar matar wani ba. Akwai masu cewa ko tasa matar sai da aka yi wata uku kafin ya san tana da wushirya, amma wannan mutanen Rogo ne ke faɗa. Saude ta yi sallama, ya amsa idonsa a ƙasa. Ta faɗi sunanta da abin da ya kawo ta.

Ya dubi ƙafafunta. Sai ya ce, "A'a. Ba ke ba ce."

Saude ta ce, "Ka tuna ta ke nan?"

"Na tuna ƙafar. Iya, ni fuska ba na gani, amma duk macen da ta taɓa tsayawa a gaban teburin nan na san ƙafarta. Taki ƙarama ce, ga faso a diddigen hagu. Waccan kuwa, wallahi har na yi mamaki. Ƙafa ce fanfaɗeɗiya, silifan ma bai ɗauke ta ba, an yaɓa mata lalle ko'ina kamar da gaggawa. Ga gashi a ƙwauri. Ga tabon ƙunar salansar babur a nan." Ya nuna ƙwaurinsa na dama.

"Malam Ilu! Ai namiji ne wannan!"

"To, ni ma raina ya raya mini haka daga baya."

"Ba ka ji muryarsa ba?"

"Ba ta yi magana ba. Ta miƙo kati ta ƙarƙashin mayafi, ta ɗaga yatsu goma. Na ce kunya ce."

"Hoton fa? Ba ka duba ba?"

"Na duba hoton. Mace ce da mayafi. A gabana ma ga mayafi. Me kike so in yi, in ce matar mutane ta buɗe fuska in ƙare mata kallo? Ni ma ina da uwa."

Saude ta roƙe shi ya zo ya faɗi haka a gaban Alhaji. Ya ce ai ya riga ya faɗa masa tun da aka haɗa littattafai, Alhaji ya ce ƙafa ba ta cikin tsari. Ta fita tasha ta zauna a kan benci, tana bin ƙwaurin masu babur da ido. Kafin la'asar ta ƙirga mutum tara masu tabon salansa a ƙwaurin dama, har da wani liman. Ta tashi ta koma gida.

Kwana uku tana juya abin. Lami ta ce ta kai ƙara wurin dagaci. Ta je, dagaci ya ce shi ma takardar gonarsa tana hannun ƙungiya, ta yi haƙuri. Wani ya ce ta yi rantsuwa da Alƙur'ani. Ta aika wa Alhaji cewa a shirye take, ya aiko cewa shi bai ce ta yi ƙarya ba, littafi ne ya ce. Abin da ba ya faɗa shi ne, idan ya yarda an ratsa kati sau ɗaya, to bai san sau nawa aka ratsa ba, kuma shi ne ya tsaya a gaban manyan Kano ya buga ƙirji.

Ran Laraba Saude ta ƙulla ƙuli-ƙuli a ƙwarya ta tafi gaida Hajiya Maiturare, mahaifiyar Alhaji. Tsohuwa ce ta haura tamanin, Bafillatana fara sol, doguwa, da zane-zanen shuni a kumatu, haƙori biyu suka rage mata. Tana zaune a sashenta a cikin gidan ɗan nata, kuma tana da fadama da 'yan ƙwadago ke noma mata, don haka ita ma an yi mata kati. Ita da uwar Saude tare suka yi tallar nono suna 'yan mata. Da yake Alhaji ɗan fari ne, ba ta kama sunansa, sai dai ta ce "wancan".

Saude ta zayyana mata komai, har da ƙafa mai gashi. Hajiya ta yi dariya har sai da ta yi tari.

Ta ce, "Wancan ai tun yana yaro haka yake. In ya ce tunkiya akuya ce, sai dai a yanka a nuna masa kai. Na yi masa maganarki shekaranjiya, ya ce wai in bar harkar ofis."

"Inna, to ni yaya zan yi? Jibi ne fa."

"Me kike so?"

Saude ta sunkuyar da kai. Ta ce, "Katinki nake so ki ara mini. Yini ɗaya."

Tsohuwar ta dube ta tsaf, ta dubi baƙar fatarta da gajartarta, sai kafaɗunta suka fara rawa. Ta ce, "Ni ban ara wa kowa kati ba, kada a ja mini. Yana dai cikin samira ta tsakiya, ƙarƙashin carbina na Makka. Ni kuma zan zaga bayan gida, kin san tsufa, nakan daɗe." Ta dogara sanda ta miƙe. Da ta kai bakin ƙofa ta juyo. "Ilu ƙafa yake kallo, ko? Akwai safa a ƙarƙashin matashi, da takalmina ƙafa-ciki. Su ma ban ba ki ba."

Ran Juma'a da sassafe Saude ta sayar da tiya shida ta gyaɗa, ta yi shatar a-kori-kura daga Karaye zuwa Rogo da dawowa. Direban bai tambaye ta komai ba. Sito a buɗe yake saboda masu noman rani, an kuma mayar wa Malam Ilu littafinsa. Ta sa safa da takalmin Hajiya, waɗanda suka yi mata yawa har sai da ta cusa tsumma a ciki. Ta lulluɓe da farin mayafi, ta ɗan ranƙwafa, ta shiga tana jan ƙafa. Ta san in abin ya ɓaci ba gona kaɗai za ta rasa ba, ofishin 'yan sanda za ta kwana.

Ta miƙa katin ta ƙarƙashin mayafi. Malam Ilu ya karanta sunan, sai ya zabura ya miƙe, kujera ta faɗi. Ya zagayo ya tsuguna har ƙasa.

"Hajiya! Allah ya ƙara lafiya. Da kanki? Ai da aike kika yi. Ina kwana? Ina gajiya? Yaya ƙarfin jiki? Yaya Alhaji?"

Saude ta gyaɗa kai, ta yi ɗan gurnani irin na tsofaffi. Ta ɗaga yatsu goma, baƙaƙe wuluk, a saitin hancinsa. Ya ƙirga su da gefen ido, ya mayar da kallonsa kan takalmin.

Ya buɗe littafi, ya rubuta, ya turo mata tawada ya kau da kai gefe don kada ya ga hannunta. Akwai ɓarin goro a tafinta da take ci a mota. Ba ta shirya ba, a nan take abin ya zo mata. Ta dangwala goron a tawada ta danna a littafin. Ya fito shuɗi, zagayayye, ba shi da maraba da sauran na shafin. Malam Ilu ya duba ya ce madalla.

Aka loda buhu goma. Sai Malam Ilu ya ce ai bai kamata kayan Hajiya su tafi ba rakiya ba, kuma dama zai kai littafi wurin zaman yau. Ya kulle sito, ya rungumi littafinsa, ya haye bayan mota ya zauna a kan buhuna. Saude tana gaba kusa da direba, ba ta ce uffan ba har Karaye. A hanya sun tsaya ya yi sallar Juma'a a wani ƙauye, ya dawo da rake ya miƙo wa Hajiya ta taga. Direban ne ya tuna masa Hajiya ba ta da haƙorin shan rake.

Sun iso an riga an zauna. Tabarmi a ƙofar gidan Alhaji, manoma sun fi sittin, Jibo da takardun jingina a cikin akwatin ƙarfe, Alhaji a kan kujera. A gefe ga wani ɗan kasuwa, Maikuɗi, wanda tun Talata ya je ya zagaya gonar Saude yana auna ta da taki. An kira sunanta sau biyu ba ta amsa ba, Jibo ya riga ya ware takardarta gefe.

A-kori-kura ta tsaya. Malam Ilu ya diro, riga duk farin taki, ya durƙusa.

"Ranka ya daɗe, ga kayan Hajiya na rako."

Alhaji ya ce, "Wace Hajiyar?"

"Hajiya babba. Buhu goma. Ga ta nan a gaba."

"Ilu, lafiyarka? Yanzu na fito daga wurinta, tana shan fura."

Saude ta buɗe ƙofa ta sauko. Takalmi ɗaya ya zame ya faɗi. Ta yaye mayafin ta yafa a kafaɗa, ta zo ta durƙusa a bakin tabarma ta gaida jama'a ɗaya bayan ɗaya, ba ta tsallake ko dattijo ɗaya ba. Sannan ta ajiye katin Hajiya a gaban Alhaji. Malam Ilu, a karo na farko, ya ɗaga ido ya kalli mace. Ya ce, "Inna lillahi," ya sake sunkuyawa.

Sai wani daga baya ya tuntsire, shi ke nan dariya ta ɓarke. Alhaji bai yi ba. Ya miƙe tsaye.

"Sata! Wannan sata ce tsirara! Jibo, hau babur ka kira 'yan sanda."

Saude ta ce, "Ranka ya daɗe, a kira su. Amma kafin su zo a buɗe littafi. In littafi ya ce ni na karɓa, su tafi da ni."

Wani dattijo, Hamma, mai shanu ne daga wajen gari, ya ce a buɗe mana. Jibo ya karɓi littafin ya karanta da ƙaramar murya: Hajiya Maiturare, lamba uku, buhu goma.

Hamma ya ce, "Da dangwale?"

"Da dangwale."

"Ilu, ka ga hoto?"

"Na gani."

"Hatimi fa?"

"Yana nan."

Saude ta ce, "To, Alhaji, Inna ce ta karɓa. Ka ce littafi shi ne magana. In ba ta biya yau ba, ga Maikuɗi nan zaune, sai a nuna masa fadama." Ta kwance bakin zane ta ciro ɓarin goron, gefensa shuɗi, ta ɗora a kan littafin kusa da tabon. "Ga yatsan nata."

Aka yi ta miƙa goron hannu zuwa hannu, kowa yana gwada shi da tabon. Wani ya ce wallahi ya fi nasa fitowa. Alhaji ya juya wajen zaure, inda aka ga ƙarshen sanda yana leƙowa ta bayan ƙyaure.

"Inna, ke kika ba ta?"

Muryar tsohuwar ta fito sarai. "Ni ina bayan gida. A tambayi wancan, shi ya ce ba a ratsawa."

Alhaji ya koma ya zauna. Ya daɗe yana goge tabarau da hannun riga. Can ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, a soke buhu goman Rogo daga sunan Saude, ƙungiya za ta bincika. A mayar da waɗannan sito. Amma kuɗin motar mayarwa a kanta yake, kuma daga yau ba ta cikin ƙungiya, ta ajiye katinta.

Ta ce ta yarda. Ta ajiye katin, ta ƙirga kuɗin buhunta biyu ta miƙa wa Jibo. Ya ɗauko takardar da ya ware ya ba ta. Ba ta karɓa ba.

"Karanta mini tukuna, Malam Jibo. Da ƙarfi."

"Haba Iya, taki ce."

"Karanta dai."

Jibo ya karanta. Gabas rafi. Yamma gonar Sulle. Kudu burtali. Arewa tsamiya uku da gidan tururuwa. Ta ce tsamiya biyu ne yanzu, ɗaya ta faɗi bara, amma ita ce. Ta karɓa, ta ninke ta huɗu, ta cusa a lalita ta ɗaure a ƙugu.

Kafin ta miƙe, mutum biyar sun riga sun tashi tsaye, kowa da katinsa a hannu, kowa yana cewa shi ma a duba masa littafin Rogo. Maikuɗi ya naɗe tabarmarsa. Saude ta cire safa da takalmin, ta kakkaɓe su, ta shiga zaure ta ajiye wa mai su, sannan ta fito ƙafa ba takalmi ta je ta fara ciniki da direban a kan kuɗin komawa Rogo.